Rabon Matuƙa Jirgi a Bakin Sitona

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Ban gaji komai ba. Kwanon awon da na fara da shi ma aro aka ba ni. Yau ina da sito biyu a Karaye, ɗaya a Rogo. Da kaka nake saye, masara da dawa da gyaɗa da waken suya, in kulle, in jira damina ta yi tsakiya, rumbunan mutane su yi ƙasa, sannan in buɗe. Sana'ar ke nan gaba ɗayanta. Sauran haƙuri ne da maganin ƙwari.

Na daɗe da daina zagaya ƙauyuka da kaina. Ina da mutum shida masu sayo mini. In ba mutum kuɗi ya tafi, ya kawo kaya bakin sito, ya karɓi la'adarsa a kan kowane buhu. Wannan haƙƙinsa ne, ba a jayayya a kai. Amma akwai wani abu bayan la'ada. In na sayar da ajiya, riba ta fito, sai in zauna a zaure in kira su ɗaya bayan ɗaya. In naɗe kuɗi in cusa wa mutum a aljihun rigarsa. Ba ya ƙirgawa a gabana, ba ya faɗa wa ɗan'uwansa. Ya yi godiya, mu yi addu'a, ya fita, na gaba ya shigo. Babu takarda. Da ido nake aunawa, kuma sama da shekara ashirin haka muke.

Wanda aljihunsa ya fi nauyi kullum wani dattijo ne na Kafin Dafga da nake kira Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi ya ba ni aron kwanon nan ina saurayi, shi ya koya mini in ciji ƙwayar masara in san ko ta bushe. Da abin ya juya na zama mai kuɗin, ya ci gaba da sayo mini ba tare da ya taɓa nuna abin ya dame shi ba. Yana jin Fulatanci kamar yadda yake jin Hausa. A keke yake yawo. In ya shiga ruga sai ya zauna, ya tambayi lafiyar tsohuwa, ya duba saniyar da ke ɗingishi, ya sha fura, ya yi azahar da su, bai ce komai a kan hatsi ba. Sai ya miƙe zai tafi mai gida zai ce masa, akwai ɗan abin da muka ajiye maka. Da ƙarfinsa ya ragu ya daina ɗauko kayan da kansa. Sai ya dawo ya tura masu babur daga cikin mutanen nan nawa. La'ada ta tafi ga wanda ya ɗauko, ni kuma in cike masa a zaure. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa furtawa.

Ɗan ƙanwata matuƙin jirgin sama ne. Yaro ne mai kai, gwamnati ta tura su karatu waje, daga baya ya samu aiki da wani kamfani a can. Shekarar da nake ba da labari ya zo ganin uwarsa bayan ƙaramar salla, ya biyo ta sito da hantsi ya same ni ana shanya gyaɗa. Hira ta kai mu ga yadda nake sallamar mutanena.

"Kawu, har yanzu da ido kake rabo?"

"Da me kake so in yi, da hanci?"

Ya yi dariya ya jawo faifan gyaɗa gabansa. Ya tara ta wuri ɗaya.

"A ce wannan ce ribar kamfaninmu ta shekara. An biya mai, an biya gyara, an biya albashi, amma gwamnati ba ta ɗauki harajinta ba tukuna." Ya sa gefen hannu ya ware kaɗan. "Wannan ta ma'aikata ce. Tun farko an rubuta a yarjejeniya kashi nawa ne, a ce ɗaya bisa goma. In ribar ta wuce wani mizani, a kan abin da ya haura kason namu ya ƙaru."

"Sai a raba muku daidai wa daida?"

"Ina! Sai a tara duk albashin da muka karɓa a shekarar, mu duka, a auna wannan ɗan tulin a kansa. A ce ya fito naira biyar a kowace ɗari. To kowa biyar ɗin zai samu a kan kowace ɗarin da ya karɓa. Mai ɗari ya karɓi biyar, mai dubu ya karɓi hamsin. Kuɗin abinci da na masauki ba sa shiga."

"Albashin kuma wa ke yanka shi?"

"Awa. Awa nawa ka tuƙa. Awar kyaftin ta fi tawa tsada, ta babban jirgi ta fi ta ƙarami."

"In shekara ba ta yi riba ba?"

"Ba rabo."

"In mutum ya kwanta ciwo?"

"Awarsa ta ragu, rabonsa ya ragu."

"Manaja ba ya ɗan ƙara wa na hannun damansa?"

"Ba shi da hannu a ciki. Shi ma jira yake ya ga nasa."

Sai ya ƙara wata magana yana ɓare gyaɗa. Ya ce agogonsu ba ya fara tafiya sai an rufe ƙofa an saki birki, kuma yana tsayawa da zarar an danna birki a can inda aka sauka. Awa biyun da yake yi kafin nan yana duba yanayin sama, yana zagaya jirgi yana leƙa tayoyi, ko zaman jira in hadari ya hana tashi, duk ba a rubutawa. "Wannan kyauta muke yi musu, Kawu," in ji shi, ya yi wata dariya da ba ta jin daɗi ba ce. Kunnena ya ji. Hankalina kuwa yana kan ɗan tulin nan da ya ware da gefen hannu.

Zan faɗi gaskiyar abin da ya ja ni. Na farko, akwai gunaguni. Cikin masu babur akwai wani mutumin Tudun Kaya, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ban taɓa ganin mai ƙwazonsa ba. Ya taɓa ce mini, "Alhaji, mu ne ke karya baya a hanya, wasu suna shan fura a inuwa." Maganar ta zauna mini. Na biyu, na gaji da zama sikeli. Mutum yana girma yana tunanin ranar da za a tambaye shi, kuma ido yana da son kai. Na uku, wanda ba na so in faɗa amma shi ya fi ƙarfi, ina so a ce harkata ta zama kamar kamfani. Ɗan aron kwano yana rabo irin na masu jirgi.

Kafin kaka na tara su shida a bakin sito na faɗa musu sabon tsari. Ɗaya bisa goma na ribar ajiya nasu ne. Za a raba gwargwadon la'adar da kowa ya samu, la'ada kuwa ta wanda ya sauke buhu a ƙofar sito ce. Masu babur suka yi ta murna. Baffa yana zaune a kan buhu, hularsa a gwiwa. Ya ce, "Allah ya sa alheri." Bai tambayi komai ba. Ni ma ban ja shi gefe ba.

Kakar nan kaya suka shigo fiye da kowace shekara. Mutane suna fita da sassafe suna yin sawu uku maimakon biyu. Baffa kuwa bai canza komai ba. Na tuna wata rana ya iso da la'asar, ya jingine kekensa, ya sha ruwa, ya dubi mutumin Tudun Kaya.

"Kai, gobe ka je ƙauyen Yola na nan kusa, gidan mai jan bijimin nan da ke bayan makaranta. Buhu takwas ya ajiye mini. Kada ka taya masa, mun gama magana. Kuma ka gaishe da uwarsa kafin ka taɓa buhu, ban san ka da gaisuwa ba."

"To, Baffa. Ai ni gaisuwata a cikin tanki take, in na daɗe mai ya ƙare."

Washegari buhu takwas suka iso, na buɗe littafi. Biro ya tsaya mini a hannu na ɗan lokaci. Sai na rubuta su a layin mai babur, domin ni na kafa dokar da bakina. Na ce a raina, ba komai, na Baffa zan gyara shi a zaure kamar kullum. Haka na yi ta rubutawa har kaka ta ƙare, kuma kowane lokaci abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Ranar rabo ta faɗo tsakiyar damina. An yi ruwa da rana ya ɗauke, muka zauna ƙarƙashin rumfar kwano bayan la'asar, ruwa yana ɗiga daga indararo. Na riƙe littafi da kalkuleta. Na yanke shawarar in karanta a fili, domin kada wani ya yi zargin an yi masa coge. Na faɗi riba, na faɗi kason nasu, na faɗi nawa ya faɗo wa kowace ɗari. Sannan na fara daga sama. Mutumin Tudun Kaya ne na ɗaya, da tazara mai yawa. Na biyu, na uku. Na biyar wani ne da ya shigo a shekarar, wanda Baffa ne ya koya masa cizon masara kamar yadda ya koya mini. Ina sauka ƙasa ina jin muryata tana raguwa, amma ban tsaya ba. Mutum in ya fara gangara da kaya a baro ba ya iya tsayawa a tsakiya.

Na karanta Baffa a ƙarshe. Buhunan da ya ɗauko da kekensa, la'adarsa, rabonsa. Bai kai kuɗin tunkiya ba.

Mutumin Tudun Kaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "Alhaji, ai akwai buhunan da..."

"Bari," in ji Baffa. "Kai ka ɗauko ko ba kai ba?"

"Ni ne, Baffa."

"To, me kuma?"

Ya miƙo hannu na ba shi. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Ya lashi yatsa ya ƙirga kuɗin a gabanmu, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ya ce, "Sun cika." Ya sa hula ya nufi kekensa.

Na bi shi na ce, "Baffa, mu shiga zaure, ina da magana."

Ya dubi gabas. "Hadari zai dawo, Alhaji, ga hanya da laka. Wani jiƙon."

Babu wani hadari. Na tsaya ina kallonsa yana tura keken, bai hau ba har ya sha kwana.

Kwana uku bai zo ba, na ɗauki mota na tafi Kafin Dafga. Na same shi a bayan gida yana ba shanunsa dusa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, damina, gajiya, har abin tambaya ya ƙare. Na fito da kuɗi a naɗe, fiye da abin da na taɓa ba shi, na kai hannu aljihunsa. Ya dafe aljihun da tafinsa.

"Na mene ne?"

"Naka ne, Baffa. Wanda ka saba."

"Wanda na saba a zaure nake karɓarsa, ba a karanta komai ba. Wanda za a ba mutum bayan an kira shi a ƙarshe a gaban yara, wannan sadaka ce. Ni kuwa ga shanu bakwai, ban kai ga cin sadaka ba tukuna."

"Kuskure na yi. Rabin buhunan nan naka ne, kowa ya sani."

"In kowa ya sani, me ya kawo littafi?" Ya zuba sauran dusar, ya karkaɗe hannu. "Ba na fushi da kai, Alhaji. Littafinka bai yi ƙarya ba. Abin da na ɗauko shi ka rubuta. Ni dai shekara da shekaru na ɗauka aiki nake yi. Ranar nan na ji ashe zama nake yi."

Na ce zan gyara tsarin, a riƙa rubuta masa duk buhun da ya nemo.

"Yaya za ka rubuta? Ƙwarya nawa ta fura na sha? Gidan da na yi shekara uku ina gaishe su kafin su sayar mini da tiya ɗaya ta hatsi, a wane layi za ka sa shi?" Ya yi murmushi. "Bar yaran nan su yi gudunsu. Lokacinsu ne. Zo ka sha nono, an tatso yanzu."

Na sha. Na dawo da kuɗin a aljihuna.

Na koma sau biyu a cikin watan. Na tura limamin unguwarmu, wanda tsaransa ne. Amsa ɗaya ce: ba ya fushi, gwiwa ce ta hana shi hawan keke. Bai koma wajen wani ɗan kasuwa ba, duk da na san biyu daga Rogo sun je masa. Da ya koma wajensu da na fi samun sauƙi, domin da na ce ciniki ne. Zama ya yi a gida.

Bayan wani lokaci ɗan ƙanwata ya kira ni a waya, na ba shi labari. Sannan ya faɗa mini abin da ya ɓoye wa uwarsa: a shekarar likitan kamfani ya dakatar da shi wata huɗu saboda hawan jini, bai tashi ko sau ɗaya ba. Kamfani ya ci riba mai kyau, abokansa suka sha rabo, nasa ya zo guntu.

"Ka ji haushi?" na tambaye shi.

"Na ji mana. Amma Kawu, mu ba a karanta mana. Saƙo ne ke shigowa waya, kowa ya duba nasa ya mayar aljihu. Kuma wanda ya tsara lissafin nan bai san fuskata ba. Bai taɓa cin tuwo da ni a kwano ɗaya ba. Wa zan yi fushi da shi?"

"Ai ba ka faɗa mini haka ba."

"Na faɗa maka zaman jira ba a rubutawa. Kai dai gyaɗar kake kallo."

Ban yi masa musu ba.

Masu ba da labari suna son a ce daga nan kasuwa ta juya mini baya. Ba haka aka yi ba. Rugage huɗu ko biyar da ke buɗe mana ƙofa saboda Baffa suka koma sayar wa mutanen Rogo, wannan gaskiya ne. Amma masu babur suka nausa nesa, suka samo wasu. Riba ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. Gunaguni ya mutu. Ban soke tsarin ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yi niyya ba. Abin da na daina shi ne karantawa. Yanzu kowa takardarsa nake ba shi a ninke. Na taɓa gwada ware wani kaso ga wanda ya fara buɗe mana gidan manomi, sai kowane gida ya samu mutum uku masu cewa su suka buɗe shi, na bari. Mutanena yanzu ba sa zama a ko'ina. Su taya, su auna, su ɗaura, su tafi. In manomi ya yi rashi, sai dai in ji a kasuwa.

Bara da kaka aka kawo mini saƙo cewa Baffa yana da masara buhu biyar ta gonarsa, in ina so. Na bar abin da nake yi na tafi da kaina. A hanya ina ta shirya abin da zan faɗa, domin na ɗauka ƙofa ce ya buɗe mini.

Na tarar an share ƙofar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma irin wadda ake ajiye wa baƙi. A da a kan turmi nake zama a gidan nan, ko in shige har madafi in gaishe da iyalinsa. Ya kira wani maƙwabcinsa ya zauna tare da mu. Aka kawo ruwa a kofin gilashi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma idon nan yana nan.

"Nawa kake saye yau, Alhaji?"

"Baffa, ai tsakanina da kai ba ciniki. Faɗi abin da kake so."

"A'a. Taya."

Na taya da farashin kasuwa har da ƙari.

"Albarka," in ji shi. "Jiya na aika Rogo, na ji nasu. Kuma tawa ta fi ta kasuwa bushewa, ciji ka ji."

Na ciji ƙwaya. Ta bushe ƙarau. Muka yi ta ja kamar waɗanda suka haɗu yau, ni ina ƙarawa, shi yana cewa albarka, maƙwabcin yana sa baki yana cewa a duba Allah. Duk lokacin da na yi tsalle na wuce abin da masarar ta cancanta, sai ya dawo da ni ƙasa, ya ce shi ba kyauta ya nema ba. A ƙarshe ya sallama a kan kuɗin da ni kaina na san shi ne daidai, ba sama ba ƙasa. Maƙwabcin ya shaida. Aka loda buhunan.

Na tsaya a bakin mota na ce, "Baffa, ko sau ɗaya a mako ka riƙa zuwa sito ka zauna. Ba aiki. Mota za ta zo ta ɗauke ka."

"In zo in zauna," in ji shi. Ya jinjina kai kamar yana auna maganar. "Ai ina zaune a nan ma, Alhaji."

Ya rako ni taku kaɗan, iyakar inda ake raka baƙo, ya tsaya.

"Allah ya kiyaye hanya. A gaida mutanen Karaye. Baɗi in muna da rai, in farashinka ya yi, zan aiko."

Na ce amin. Na ja mota, shi kuma ya koma yana naɗe tabarmar.